Inda Colby Yake Numfashi

Bay City, Michigan
Farkon Maris

Mama Lorna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Na buga miki waya ban san iyaka ba, ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba. Marisol mai gangarmu ce ta ce in rubuto a takarda, wai ke takarda kike girmamawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da jita.

Ga abin da ke tafe da ni. Kafin Colby ya rasu ya riga ya gama ɗora muryarsa a kan duk waƙoƙin sabon faifanmu, na uku. Haɗawa da gyara kawai suka rage, su na zauna ina yi duk sanyin nan. Yanzu na gama. Ga shi a cikin ambulan, tare da na farko da na biyu, ko da ba ki da su.

Mun zauna mun yanke shawara: faifan nan ba zai fita ba sai kin ce ya fita. In kin ce a'a, za mu ajiye shi, babu wanda zai ƙara jin sa, babu kuma wanda zai riƙe ki a zuciya. Ƙungiyarmu dai, Gadar Tsatsa, ta ƙare ko ya fita ko bai fita ba, don ba za mu sa wani ya tsaya inda ɗanki yake tsayawa ba.

Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, Mama. Iyakar abin da na iya na yi masa.

Ki huta lafiya.
Naki,
Wendell

*

Saginaw, Michigan
Ƙarshen Maris

Wendell ɗana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka. Saƙonka ya iso. Wayar kuwa ina ganin sunanka, muryata ce ba ta fita.

Ka san ni da kiɗanku. Shekara da shekaru kuna ɗakin ƙasan gidana kuna girgiza min kofuna a kan kanta, ni nawa in ajiye muku abinci a matakala in ja ƙofa. Na taɓa tambayar Colby sunan abin, ya ce metalcore. Na ce ni a wurinmu hayaniya ake ce masa. Ya yi dariya har da buga tebur.

A mota kaɗai nake da abin sa faifai. Don haka in na tashi daga aiki a kicin ɗin makaranta, sai in zauna a wurin ajiye motoci in kunna. Na bi su daki-daki.

Na farko, Ɗakin Ƙasa, na gane shi nan take. Jitarka kamar zarto, gangar Marisol kamar an zuba tsakuwa a injin wanki. Har injin ɗumama gidana na ji ya tashi a tsakiyar wata waƙa, na ce lallai ni ma ina ciki. Kalmomin ba na kama su. Amma in Colby ya yi ihu ya ƙare, ina jin sa yana zuƙar iska da ƙarfi, yadda yake yi yana yaro in ya fito da kai daga cikin tafki. Wannan na sani.

Na biyu, Ba Bazara Bana, ya fi nauyi, ya fi kyau kuma. A nan ne ka fara waƙa da muryarka mai sanyi a tsakanin ihunsa, kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. Ashe kana da murya, ka ɓoye min. Sai wurin nan da kiɗan ke rage gudu ya yi ta dukan ƙasa da nauyi, wanda kuke ce wa rushewa. Madubin motata har rawa yake yi.

Na ukun ne damuwata. Na saurare shi, na sake, na kuma sakewa. Yana da kyau, ba ni da bakin cewa ba shi da kyau. Amma Wendell, a ina yake numfashi? Ya yi ihu, sai shiru ɗif, sai wani ihun. Tun daga farko har ƙarshe ban ji inda ya ja iska ba. Mutum ba ya haka.

Ka tuna a asibiti, bayan jijiyar kansa ta fashe, inji ne yake yi masa numfashin. Na zauna a gefensa ina sauraron na inji, ina neman nasa a ciki. Ban yi zaton zan sake wannan neman a cikin motata ba.

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ka fara gaya min inda ya tafi.

Allah ya yi maka albarka.
Mamanku,
Lorna

*

Saginaw
Afrilu

Yaya Glenda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Tucson, ya zafinku? Ya gwiwar taki? Mu nan ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina caɓi.

Na gaya miki abokan Colby sun aiko min da faifansu na ƙarshe, suna jiran in ce a fitar ko a bari, na kuma ce miki ban ji numfashinsa a ciki ba. To, Wendell mai jita bai ba ni amsa ba. Marisol ce ta zo ran Lahadi bayan coci, yarinyar nan mai ganga, mai zane har wuya, wadda kika ce ta tsorata ki a wurin jana'iza. Kafin in fito ta share min ƙofar gida. Na zuba mata wake da nama mai yaji, ta zauna a kujerar Colby, ban hana ta ba.

Ta ce, "Mama, kin gama mana da Wendell. Tun da ya karanta wasiƙarki yake zaune kamar kazar da ruwa ya doka."

Na ce, "Ni me na yi? Tambaya kawai na yi."

"Ai amsar ce ta gagare shi. Yankewa aka yi."

"Aka yanke me?"

"Numfashin. Kowa haka yake yi a irin kiɗanmu. Muryar tana fitowa a fuskar kwamfuta kamar duwatsu. Ihu babban dutse, numfashi ɗan tudu a gabansa. Sai a bi tuddan nan ana cirewa."

Na ce, "Ɗaya bayan ɗaya?"

Ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ba a bar ni ba, Mama. In ƙafata ta makara a kan ganga, sai ya jawo ta ya dasa inda ya kamata. Ni da kaina in na ji faifai sai in ce, wace ce wannan gwanar? A haɗa ni da ita in koya."

Dariya take so in yi, amma ban yi ba. Na ajiye cokali. Na ce wato yaron nan ya zauna duk sanyin nan yana bin numfashin ɗana yana sharewa, sannan ya sa a ambulan ya aiko min yana ce min tsabta. Yaya, na ɗaga murya. Rabon da in ɗaga murya a gidan nan tun kafin rasuwar.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce a hankali, "Mama, kafin ya cire kowanne sai ya saurare shi. Duk duniya babu wanda ya ji su kamar Wendell. Shi kaɗai yake shiga, ba ya barin kowa ya taya shi."

Ta cinye, ta wanke kwanonta, ta ce waken ya yi gishiri, na ce bakinta ne ya lalace da abincin hanya. Ta rungume ni ta tafi.

Har yanzu raina a ɓace yake, sai dai ban san da wa ba. Ki gaya min abin yi, tun da ke ba kya rasa abin faɗa.

Ki gaida mijinki.
Ƙanwarki,
Lorna

*

Tucson, Arizona
Afrilu

Lorna,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan, ita ce mai gidan yanzu, ni 'yar haya ce.

Abin yi ai a fili yake. Ki ce su mayar da komai yadda yake, in sun ƙi ki ce ba ki yarda ba, shi ke nan. Ɗanki ne ko nasu? Ke kika yi naƙudarsa, ina tsaye a wurin kina zagina. Wane ne Wendell da zai ɗauki almakashi?

Ni dai kin san ban taɓa gane kiɗan nan ba. Ranar da Colby ya sa min shi, karena a ƙarƙashin gado ya yini. Amma yaron ina son sa, kuma ba na son a ƙara ɗauke miki ko ƙwayar abu nasa.

Ki gama da su ki taho nan ki sha rana. Ɗaki yana nan. Kuma ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Yayarki,
Glenda

*

Bay City
Ƙarshen Afrilu

Mama Lorna,

Ina gaishe ki tare da neman afuwa. Na fara wasiƙar nan na yage, na sake na yage. Marisol ta ce in ban aiko ba za ta zo ta fasa min jita a ka.

Gaskiya ta gaya miki, ni na cire. Ko kaɗan ban kawo a raina yadda zai zo miki ba. Mu a wurinmu ba a ma ɗaukar sa wani abu, kamar share ɗaki ne kafin baƙi su shigo. Bari in gwada yi miki bayani, ba don in wanke kaina ba.

Mutane suna zaton nauyin kiɗanmu a ƙara yake. A shirun yake. In muka zo rushewa, jita da ganga da murya duk tare suke dokawa, tare kuma suke ɗaukewa. Tsakanin duka da duka dole ya zama babu komai, ko motsin yatsa a kan waya. In akwai wani abu a wurin, dukan da ke biye ba ya zafi.

Kuma Mama, wanda ya fi kowa tsananta wannan shi ne Colby. Faifanmu na farko, wanda kika gane shi a ciki, kunyarsa yake ji. In wani ya kunna sai ya bar ɗakin. Lokacin na biyu tsayawa yake yi a bayana yana cin gyaɗa yana zuba min ɓawo a wuya, yana cewa, "Cire, Farfesa, cire. So kake a ji ni ina haki kamar tsohon kare?" Duk sanyin nan ina aiki ina jin sa a bayana. Shi ya sa ban bar ko ɗaya ba.

Amma babu abin da ya ɓace. Abin da aka cire yana nan a ƙarƙashi, rufe shi kawai aka yi. In kin ce in mayar, zan mayar da su duka, faifan ya fita haka. Na san da zai zage ni, amma ke ce a raye, ke za ki zauna da shi.

Roƙona ɗaya. Kafin ki yanke, ki zo situdiyo ki ji da kunnenki. Ran Asabar da rana zan zo in ɗauke ki in kin yarda.

Ki huta lafiya.
Naki,
Wendell

*

Saginaw
Mayu

Yaya Glenda,

Bayan gaisuwa da tambayar gwiwa. Na ga shawararki, na gode, da ita na tafi a bakina. Bari ki ji yadda aka yi.

Situdiyon nasu tsohon garejin gyaran mota ne, har yanzu yana warin baƙin mai. Wendell ya rame, rigarsa kamar ta aro. Ya kasa haɗa ido da ni. Marisol ce ta yi ta surutu a hanya don kada motar ta yi shiru.

Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ɗora min abin saurare a kunne. Ya ce, "Muryar kaɗai zan sa, ba kiɗa, ba gyara. In ya yi miki yawa ki ɗaga hannu."

Da farko ƙarar takalmi na ji. Sai aka buɗe robar ruwa, aka sha. Yaya, yadda Colby yake haɗiyar ruwa ma na gane. Sai ya ja iska, doguwa, har ƙasan ciki, ya saki ihun nan tsirara ba abin da ya rufe shi. Ya ƙare, ya yi tari, sai ga muryarsa ta kullum, ta kicin ɗina.

Ya ce, "Sake. Na yi kamar akuya."

Muryar Wendell daga nesa ta ce, "Ya yi kyau, wallahi."

"Kai komai ya yi kyau. In na yi atishawa ma cewa za ka yi ya yi kyau."

Sai muryar Marisol can baya: "Ku yi sauri, mutanen nan, abinci yana hucewa!"

Colby ya ce, "Ke ci gangarki mana."

Na yi dariya, Yaya. Hawaye yana zuba ina dariya. Ban ɗaga hannu ba. Na zauna na ji shi waƙa bayan waƙa yana haki, yana tsaki in ya kuskure, yana ƙirga wa kansa a hankali kafin ya shiga. Su biyun suka fita waje suka bar ni.

Da suka dawo na ce wa Wendell ya mayar da numfashin a waƙar ƙarshe, ya sa min da kiɗan gaba ɗaya. Bai yi musu ba. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya kunna manyan lasifikoki. Na ji daɗinta. Kafin kowane ihu ina jin sa yana tahowa, ina shirya masa. Ɗana ne a tsaye yana aiki, ya gaji, yana ƙoƙari.

Na ce to, sa min taka, wadda ka gyara.

Ita ce wadda na yi ta ji a mota, amma a mota nemansa nake yi, ban saurari waƙar ba. Yanzu da na san inda yake, sai na saurara. Aka zo wurin rushewar. Komai ya doka tare, ya ɗauke. Shirun nan kamar an ɗauke wuta a gari. Ban san yaushe kiɗan zai dawo ba, babu abin da ya gaya min. Sai ya faɗo a kaina gaba ɗaya, har kujerar ta motsa.

Marisol ta dafa ni ta ce, "Mama, saki iskar mana, kada ki sume mana a nan. Ba mu da kuɗin motar asibiti."

Ashe riƙe numfashina na yi ban sani ba.

Ta ce, "Haka ɗaki guda yake yi in muna wasa. Mutum ɗari uku, kowa ya riƙe. Shi kuma yana tsaye a bakin dandamali yana kallonsu yana murmushin mugunta. Wannan wurin ya fi so a duk duniya."

Ni ban taɓa ganin wannan murmushin ba. Na san na ranar haihuwarsa, na san na in ya yi laifi. Wannan nasu ne.

Wendell ya ce, "Mama, wanne?" Na ce ya kai ni gida tukuna.

Kin tambaye ni ɗana ne ko nasu. Na kwana biyu ina juya maganar. Nawa ne, babu mai ƙwace min. Amma faifan ba ni na yi ba, shi ya yi, kuma ya faɗi yadda yake son sa tun yana da bakin faɗa. Ina jin na san abin da zan rubuta wa yaron nan. Kada ki yi min faɗa, ko ki yi kaɗan.

Batun zuwa, sai an rufe makaranta.

Ƙanwarki,
Lorna

*

Saginaw
Mayu

Wendell ɗana,

Ina gaishe ka, da Marisol.

Ku fitar da shi. Yadda ka gyara shi, haka za ka bar shi, kada ka mayar da ko ɗaya. Ka yi masa aiki mai kyau, kuma da na san abin da ka zauna kana saurare kai kaɗai, da ban bar ka kai kaɗai ba.

Abin da ka cire kuwa, nawa ne. Ka zuba min shi a faifai daban, da tarin, da tsakin, da shan ruwan. Kada ka jera, kada ka share komai, na san hannunka da ƙaiƙayi.

Kuma kada ka sa a ambulan. Ka kawo da kanka, ka zo da yunwarka.

Allah ya yi maka albarka.
Mamanku,
Lorna